Bushiyar Ainu Shams

Abin da na fara koya a Alƙahira shi ne mutanen garin ba sa jiran mutum ya gama magana. Ni kuwa mai in'ina ne tun ina yaro, irin in'inar nan da sai na buga ƙafa a ƙasa kafin kalma ta yarda ta fito. A filin jirgi direban tasi ya tambaye ni inda za ni. Ina cikin kokawa da sunan unguwar ya ce ya gane, ya cusa akwatina a but. Ya yi ta zagaye da ni har na gaji da ganin kogi, daga bisani ya sauke ni a Giza, ya nuna mini wani dogon gini ya ce nan ne. Ba nan ba ne. Wata tsohuwa mai gasa masara a bakin titi ce ta ga na zauna a kan akwati ina share ido. Ta miƙo mini masara, ta tsaya har na gama faɗin "Ainu Shams" da bakina, sannan ta tare mota ta yi wa direban kashedi a kaina kamar ita ta haife ni.

A Ainu Shams Yaya Hamisu yake zaune, a wani ɗaki can saman bene, kusa da inda mata ke shanya. Ɗan baffana ne, ya riga ni zuwa da shekaru, yana karatun shari'a. Shi ya roƙi Baba ya ba shi ni. Baba ya riga ya yanke cewa a shagonmu na Malumfashi zan ƙare, ina auna gero, inda ba sai na buɗe baki ba. Yaya ya ce a'a, yaron nan yana da kai, a bar shi ya zo Masar, karatu zai warware masa harshe. Da wannan alkawarin aka sa ni a jirgi, ƙarshen shekarun tamanin.

Karatu bai warware komai ba. A jarrabawar rubutu ba na jin tsoron kowa, amma akwai ta baki, inda za ka zauna gaban shehin malami ya jefo tambaya. Na san amsar sarai, tana nan a ƙirjina, ta ƙi hawowa. Na buga ƙafa, na buga, gumi ya jiƙa mini riga. Malamin ya duba agogo ya ce Allah ya buɗa, na gaba ya shigo. Shekarar ta tafi a banza.

Yaya Hamisu ba mugu ba ne, amma mutum ne mai tsauri, ko takalmansa a jere suke kwana. Da sakamako ya fito ya zaunar da ni ya ce, "Tasi'u, ni na tsaya maka a gaban Baba. Saura dama ɗaya. In na ga ka kauce ko da taƙi ne, da hannuna zan kai ka filin jirgi, khalas, magana ta ƙare." Na san zai aikata. Ba auna geron nake tsoro ba. Ranar da zan sauka a tashar Malumfashi nake tsoro, kowa ya ce dama mun faɗa.

Daga nan na daina magana sai dole. Yara a lungu suna bina suna kiran baƙin fatata, ba na ko waiwayawa. Wani lokaci in hau mota har Hayyin Ashir, wurin Hausawan Sudan masu gasa nama, ba don in saya ba. Tsayawa nake a gefe in saurari Hausa tana fita daga bakin mutane ba wahala, in ji kewar gida ta kama ni, in juyo. Ko dariya na manta yadda ake yin ta.

Katifarmu ce ta kai ni inda labarin nan ya dosa. Ta mutu murus, auduga ta dunƙule, Yaya ya ce in kai ta wurin mai gyaran katifa da kujeru da ke bayan kasuwar unguwa. Na saɓa ta a ka na tafi. Ina shiga shagon, daga kan kanta sai ga kan dila, ƙato, ya fi tukunyar biki, yana kallona da murmushi. Na yar da katifa na ja da baya ina a'uziyya. Mai shagon, wani tsoho mai tabarau da ake kira Ammu Fahim, ya yi dariya har da tari.

"Ma'alish, yi haƙuri ɗana, ba ya cizo. Soso ne da waya da tsohon bargo."

Na so in yi masa bayanin yadda Yaya ke son katifar, bakina ya ƙi. Na ɗauki guntun alli daga teburinsa na zana a jikin kwali. Da na gama, hannuna ya ƙi tsayawa, na zana dilan nan a gefe, amma na sa masa hula da carbi, yana zaune kan katifar kamar mai jiran kuɗin haya. Tun ina ƙarami nake irin wannan da gawayi a bangon zaure, na sha duka a kai ba kaɗan ba. 'Yar tsohon, Nadiya, wadda ke karatun zane a jami'a, ta leƙo daga ciki ta ɗauki kwalin ta daɗe tana kallo.

"Baba, wannan namu ne," in ji ta. Ta juyo gare ni. "Ranar Juma'a bayan la'asar ka dawo."

Na dawo, ina gaya wa kaina katifa na zo ɗauka. A bayan shagon akwai ɗan fili da aka rufa da tabarma, mutane kaɗan suna shan shayi, kowa da takarda ko allura a hannu. Nadiya ta fito da wata 'yar mujalla da aka buga da injin kwafi, duk ta yamutse, wanta da ke aiki a Amurka ne ya aiko mata. Cikinta zane ne zalla: kyarkeci sanye da kwat yana jiran mota, zomanya tana karanta jarida, damisa tana kuka a bakin taga. Ta ce a can akwai mutanen da wannan ne abin sonsu, dabbobi masu tafiya da ƙafa biyu, masu tunani da magana irin ta mutane. Suna kiran kansu furi, wato masu gashi. Suna zana su, suna rubuta musu labarai, suna aika wa juna ta gidan waya, wani lokaci su haɗu su kwana suna hira. Kuma da yawansu kowa yana da dabbarsa, wadda yake jin ita ce shi in da an bar shi ya zaɓa.

"Su can zane suka fi yi," in ji Ammu Fahim yana zare zare da haƙori. "Mu kuwa Allah ya ba mu tela."

Ni abin bai zo mini baƙo ba. Kakata ta raine mu da kura mai yin ƙarya da zomo mai zuwa kasuwa, ba wanda ya taɓa tambayar ta ya aka yi suka iya Hausa. Abin da ban taɓa gani ba shi ne manya masu gemu su zauna su ce ni ne wannan. Akwai wani mahauci, ƙato, hannunsa kamar taɓarya, shi zomo ne, kuma in ka zauna da shi za ka yarda, don ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura. Akwai ma'aikacin gidan waya, siriri mai dogon wuya, balbela. Nadiya ce dilan da ya tsorata ni. Ammu Fahim ya ce shi tsohon jaki ne, ya yi dako har ya gaji ba wanda ya ce masa sannu. Wasu Musulmi, wasu Kirista, in an kira sallah mu tashi, su su riƙa juya mana shayi kada ya huce.

Suka ce saura ni. Mahaucin ya ce ai ba sai an tambaya ba, zaki ne, tunda daga Afirka na zo, kamar su a wata nahiyar suke. Na ɗauki lokaci kafin in gaya musu cewa ban taɓa ganin zaki ba sai a gidan namun daji na Giza, shi ma barci yake. Ba wanda ya ƙarasa mini maganar, duka suka jira. Nadiya ta ce ba a zaɓar dabba don burga, wadda ka riga ka zama ake nema. Na karɓi fensir na zana bushiya ta dunƙule, ido ɗaya a waje. Ban san Larabcinta ba, su ba su san Hausarta ba, suka karɓi sunan yadda na faɗa. Daga ranar Bushiya suke kirana, kuma wannan suna bai taɓa maƙale mini ba.

Ammu Fahim ya ɗauki watanni yana ɗinka mini kayan bushiyar da zan sa, a hankali, in aiki ya yi sauƙi. Ƙayoyin da soso ya yanka su don kada su soki yaro, ya rina da ganyen shayi. Ranar da na fara sa kan, duniya ta koma 'yar taga a cikin bakin bushiya, ina jin numfashina da warin gam. Nan ya koya mini ladabin abin. Wanda ke cikin kaya ba ya magana, da hannu da kafaɗa yake komai. Ba a kiransa da sunansa na mutane. Dole a samu mai kula da shi a kusa, don ba ya ganin gefensa, kuma zafi na iya kayar da shi, saboda haka in mai kula ya taɓa kafaɗarka, ka bi shi ka je ka huta, ba gardama. Wanda ya fi jaddadawa kuwa, har yana ɗaga yatsa, shi ne ba a cire kai a gaban yara, ko me ya faru.

"Yaro ya ba ka zuciyarsa a kan kai bushiya ne. In ka cire kai a gabansa ka yi masa sata."

Da ya ce ba a magana, sai da na kusa rungume shi. A ce akwai wuri a duniya inda shiru shi ne ƙa'ida! Muka fara zuwa gidajen marayu da bukukuwan yara. Yaran da ke bina da tsokana a lungu, irinsu ne ke rige-rigen riƙe hannuna. In dunƙule a ƙasa, su yi ta lallashi, in leƙo da ido ɗaya, wuri ya kaure da ihu. A cikin kan nan nake dariya har hawaye, ba mai gani. Yanzu jikokina suna nuna mini a waya yadda masu wannan abu suka yi yawa a duniya, suna cika manyan zauruka, ina kuma jin ana faɗin maganganu iri-iri a kansu. Ban san na can ba. Waɗanda na sani mutane ne da fatar da aka haife su da ita ta yi musu nauyi, suka ɗinka wata suka huta a ciki.

Yaya Hamisu ya ɗauka a masallaci nake zama ranar Juma'a ina bita. Na san abin da zai ce in ya ji: ɗalibin ilimi, ɗan gidan mutunci, ya sa kan dabba yana rawa gaban jama'a. A wurinsa wannan ya wuce kaucewa da taƙi. Kullum in na hau benen nan sai na shinshina rigata ko tana warin gam.

Da Babbar Sallah ta zo, tsakiyar zafi, Nadiya ta ce an gayyace mu wani gida a Giza, walimar yara, washegarin Sallah da rana. Ba ta faɗi gidan wa ba, ni ma ban tambaya ba. Muka sa kaya a ɗakin mai gadi, Ammu Fahim ya ja mu zuwa lambu, shi kaɗai ne mai kula da mu duka a ranar. Tun kafin in ga kowa ƙamshi ya shigo mini ta bakin bushiya, ƙamshin soyayyen nama da yaji da daddawa. Sai na ji wata ƙaramar murya ta ƙwala, "Umma! Umma, zo ki ga bushiya!"

Gidan wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu ne. Lambun cike da 'yan ƙasarmu, mata da gwaggwaro, maza da manyan riguna, ɗalibai a kan tabarma a gefe. A cikin ɗaliban, da farar babbar rigarsa ta Sallah, ga Yaya Hamisu, shi aka gayyato ya yi addu'a. Na ce wa kaina ba mai ganina, ko farcena ba ya waje, in dai na yi shiru na tsira.

Aka ce mu fara gaida maigida. Dila ya ɗaga hannu, zomo ya sara kamar soja, balbela ta rusuna da wuya. Da aka zo kaina, ga dattijo mai furfura zaune a kujera yana kallona, jikina bai yi shawara da ni ba. Na zube ƙasa na durƙusa, na sunkuyar da kai, na dunƙule hannun dama na tallafe shi da na hagu. Wurin ya fashe da dariya. Maigidan ya ce, "Kai, wannan bushiya ta sha tarbiyya! Wa ya koya wa Bamisire gaisuwa?" Kowa ya yi tafi. Ta 'yar tagar nan na hango Yaya, shi bai yi tafi ba.

Ya kamata in yi ɗan wasa kaɗan in sulale. Amma yaran suka rufe ni, kuma da Hausa suke mini magana. Wata ta ce in ci cincin ɗinta. Wani ya ce ƙarya ne bushiya ba ta cin cincin, ƙwari take ci. Wata 'yar mitsitsiya ta kwantar da kai a cikina tana ce mini kada in ji tsoro, ba mai dukana a gidansu. Rabon da a yi mini magana da harshen uwata ba tare da ana jiran amsata ba, na manta. Ammu Fahim ya taɓa kafaɗata, na yi kamar ban ji ba. Ya sake taɓawa, na dunƙule, yara suka yi ihu. Ya tafi kai zomo ya sha ruwa. Ina cikin juyi da yara sai lambun ya fara juyawa shi ma, tagar ta yi duhu, na ji ƙasa ta tashi ta same ni.

Sama-sama nake jin hayaniya. Hannuwa sun kama kan suna ja, wani yana cewa a cire masa ya sha iska. Daga nesa Ammu Fahim yana gudu yana ihu da Larabci, ba a gaban yara ba, don Allah ba a gaban yara ba. Na ce shi ke nan, yau kowa zai ga fuskata, labari zai riga ni isa Malumfashi. Sai na ji muryar da na fi sani a duniya, a kusa da kunnena.

"Ku sake shi. Ku ja baya." Ya sassauta murya ya ce wa yaran, "Bushiya ta gaji ne, barci za ta yi. Ku je ku ci nama, in ta tashi za ta gaishe ku."

Wani farin abu ya lulluɓe ni. Babbar rigar Yaya ce ya tuɓe ya rufa mini. Shi da mahaucin suka ɗauke ni zuwa ɗakin mai gadi, ya tura ƙofa da ƙafa, sannan ya cire kan da hannunsa, a hankali, ya ajiye shi a kan kujera, ba a ƙasa ba. Ya zuba mini ruwa a ka, ya ba ni na sha. Da idona ya washe na gan shi tsugune daga shi sai 'yar shara, yana kallona. Na buɗe baki.

"Ya-ya-yaya, na, na..."

"Sha ruwa tukuna. Tun da ka durƙusa na gane ka. Duk Masar wa zai yi wannan gaisuwar in ba ɗan gidanmu ba?"

Ammu Fahim ya shigo yana haki, ya fara ba da haƙuri, yana cewa laifinsa ne. Yaya ya miƙe ya gaishe shi da hannu biyu, ya tambaye shi tun yaushe nake zuwa wurinsu, me muke yi, ina muke zuwa, ana tsayawa sallah ko ba a tsayawa. Tsohon ya amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya saurara har ƙarshe.

Da la'asar muka kama hanyar gida a ƙaramar motar haya, a matse, kan bushiya a cikin buhu a kan cinyar Yaya. Na jingina da taga ina kallon gari kamar mai sallama da shi. Muka haye kogi, muka wuce tashar jirgin ƙasa. Da muka sauka muka shiga lungunmu sai Yaya ya tsaya.

"Ni dai ban san hukuncin abin nan ba, Tasi'u, kuma ba zan ce na sani ba. Zan tambaya. Jarrabawa tana nan, ban ɗage maka ita ba. Daga gobe ni zan riƙa zama maka malami, in tambaye ka, in jira ka, ko za mu kai magariba."

Na gyaɗa kai, ban yarda da kunnena ba.

"Ina kusa da kai lokacin da yarinyar nan ta ba ka cincin," in ji shi. "Na ji ka a ciki. Dariya kake." Ya gyara riƙon buhun, ya kau da kai. "Ni na raba ka da gida. Tun da ka zo garin nan ban ji wannan dariyar ba, har na fara tunanin na kashe wa Baba ɗa."

Na ce, "Fi-fi-filin jirgin fa?"

Ya jira har na gama, sannan ya ce, "Wani ɗalibi zai tafi gida jibi, zan yi wa Baba kaset in ba shi. Duk kaset ɗin da na aika sai na ce masa Tasi'u yana nan lafiya lau." Ya fara hawa benen da buhun a kafaɗa, ina biye da shi. "Wannan karon ba ƙarya zan yi masa ba."